Waya ta kai wa likita sukarina, amma ba ta auna mini jini ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina a kan ganin likita ta waya, musamman ga mata masu juna biyu da aka samu da ciwon sukari. Masu yabon abin suna magana kamar an yi ban kwana da layin asibiti, masu kushe shi kuma na cewa wasan yara ne, wai ina aka taɓa duba mai ciki ba a taɓa cikin ba. Ni na yi shi mako 10 cur a cikina na huɗu, kuma ina da abin faɗa wa kowane ɓangare. Ni ba likita ba ce, malamar lissafi ce a sakandare. Abin da zan rubuta shi ne abin da ya same ni, da abin da masu duba ni suka koya mini.

Ina mako na 26 aka yi mini gwajin. Na je da safe ban ci komai ba, aka ɗebi jini, aka miƙo mini kofi na ruwan da aka narkar da giram 75 na sukarin gulukos a ciki, aka ce in shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa har maƙogwaro yake kartawa. Bayan awa ɗaya aka sake ɗiba, bayan awa biyu aka ƙara. Sakamakona ya fito 97, 176, 158. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2013 ya ce idan na farko ya kai 92, ko na biyu ya kai 180, ko na uku ya kai 153, to akwai ciwon, kuma ko ɗaya ne ya haura ya isa. Nawa biyu suka haura. Na ce wa likitar ai ni ba na jin komai, ba ƙishirwa, ba jiri. Ta ce yawanci haka yake zuwa, shi ya sa ake gwada mata tsakanin mako na 24 da na 28 ba tare da an jira sun kawo ƙorafi ba. Daga baya na ga ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya na 2021, cewa kusan haihuwa 1 cikin kowace 6 tana zuwa ne da hawan sukarin uwa. Ashe muna da yawa, ba ma dai faɗa wa juna ne.

Bayanin da ta yi mini a ranar shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin na jikin uwa, wato sinadarin da ke sarrafa sukari a jini, kuma yadda ciki ke girma haka suke ƙaruwa. Sukarin da ya yi wa uwa yawa yana ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki, shi kuma sai jikinsa ya yi ta ƙera nasa insulin don ya sarrafa shi. Ta haka yaro ke yin ƙiba fiye da kima, wani ya wuce kilo 4, kafaɗarsa ta iya maƙalewa wajen haihuwa, bayan an yanke cibiya kuma nasa sukarin ya faɗi. Abin da na riƙe shi ne, ciwon ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Tsarin abinci ko maganin da ya ishe ki a mako na 28 yana iya gazawa a mako na 32 ba tare da kin canza komai ba.

Aka ba ni na'urar gwaji da tsinkayenta da ɗan littafi. Sau huɗu a rana: da asuba kafin in sa komai a baki, sannan awa biyu bayan kowane cin abinci. Na asuba ana so ya tsaya ƙasa da 95, na bayan abinci ƙasa da 120. Aka ce in dawo bayan mako biyu.

A nan zan tona wa kaina asiri. Sau huɗu a rana na kwana 14, lambobi 56 ke nan. Ranar komawa na buɗe littafin a kan bencin jira, na ƙirga gurbi 19 babu komai. Wasu na manta, wasu ina cikin aji, wasu kuwa na gwada na ga lambar ba ta yi mini daɗi ba na ƙi rubutawa. Sai na zaro biro na cike su tsaf. Nas ɗin da ta karɓi littafin, wata dattijuwa mai gilashi a kan hanci, ta duba ta duba, ta ɗago ta ce, "Malama, ke kuwa sukarinki akwai ladabi. Kullum a sifiri ko biyar yake ƙarewa." Ni da nake kama yara da satar amsa ta hanyar duba irin wannan, ga shi an kama ni da shi. Ta karɓi na'urar ta latsa maɓallin baya, duk lambobin gaskiya suka fito da ranakunsu da sa'o'insu. Ban san tana ajiyewa ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi ba a ɓoye wa mai yi maka wanka cibiya, sannan ta tambaye ni ko ina so a sa ni cikin waɗanda suke bibiya ta waya.

Tsarin ba wani abin azo a gani ba ne. Babu wata manhaja ta musamman. Kowane dare bayan gwajin ƙarshe sai in ɗauki hoton fuskar na'urar, lamba huɗun nan na ranar, in tura zuwa wata lambar waya ta sashen masu awo, in rubuta abin da na ci a taƙaice. Sau ɗaya a mako a kira ni ta bidiyo na kamar minti goma. Zuwa awo kuma yana nan, sai dai an rage mini zuwan da a da zan yi don kawai a kalli littafi.

Abu na farko da ya canza ni ce. Mutum ya san yau da dare wani zai gani, ba ya tsallake gwaji. Hoto kuma ba ya karɓar gyaran biro.

Na biyu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A mako na 30 lambar asuba ta fara rarrafawa sama: 96, 99, 103, 101. Na bayan abinci duk lafiya lau, don na kama bakina sosai, na rage abinci mai sitaci, ina ɗan tattaki bayan kowane ci. A rana ta huɗu nas ta kira ni tun kafin in shiga aji. Ta ce likita ta gani, wannan na asuba ba laifin cokalina ba ne, hanta ce ke sakin sukari cikin dare, kuma rage abinci ba zai gyara shi ba, sai dai ya bar ni da yunwa. Aka ce in zo gobe a fara mini insulin na dare. Malam Edita, yi lissafin da ni. A tsohon tsari sai bayan kwana 10 za a ga waɗannan lambobi, in ma na rubuta su da gaskiya. Ciki gaba ɗaya mako 40 ne, wanda ya rage mini a lokacin bai fi 10 ba. Kwana 10 a cikin wannan ba ƙaramin yanki ba ne, kuma duk tsawonsu yaron na shan sukarin. Duba littafi bayan mako biyu ihu ne bayan hari.

Koyon allurar kam sai da na je da ƙafata. Nas ta kama hannuna ta nuna mini yadda zan murɗa alƙalamin insulin zuwa adadin da aka ce, inda zan soka, da yadda zan riƙa sauya wuri don kada fata ta yi tauri. Ta ce wanda ban buɗe ba a firji yake zama, kada ya daskare, wanda na buɗe kuma kada in bar shi a rana ko cikin mota, kuma bayan kamar mako huɗu a yar da shi ko bai ƙare ba. Ban ga yadda za a koya wa mai tsoron allura wannan ta bidiyo ba, ni da hannuna ke rawa a ranar. Amma daga nan duk ƙarin da aka yi mini, sau uku kafin in haihu, ta waya aka yi shi, kaɗan-kaɗan, ana kallon lambobin kwana biyu ko uku.

Akwai ranar da na gwada bayan abincin rana na ga 187. Gabana ya faɗi, na tura nan take har da alamar kuka. Aka kira ni ta bidiyo. Tambayar farko da nas ta yi ita ce, "Me kika taɓa kafin ki soki yatsan?" Na tuna na yanka wa yara 'ya'yan itace, na goge hannu a zani kawai. Ta ce in je in wanke da sabulu, in tsane shi sarai, in sake tana kallo. Ya fito 118. Ragowar zaƙin da ke kan fata na'urar ta karanta. A wannan kiran ta sa na juyo gwangwanin tsinkayen ta ga ranar ƙarewar aikinsu, ta kuma hana ni ajiye shi a kan taga, don zafi da laima suna lalata su. Da sai bayan mako biyu za a ga 187 ɗin nan a littafi, wa zai tuna abin da na yanka a ranar?

To, yabon ya isa haka. Ga inda abin ya ba ni kunya, kuma ba zan ambaci sunan asibitin ba, don gyara nake nema.

A mako na 33, kwana biyu bayan an ƙara mini insulin, ƙwannafi ya hana ni cin abincin dare sosai, amma na yi allurata kamar kullum. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka jiƙe da gumi, zuciya na bugawa, hannu na karkarwa. Da kyar na soki yatsa. 58. Abin da na fara yi, don na saba, shi ne ɗaukar hoto in tura. Na zauna ina kallon waya ina jiran amsa kamar wadda aka yi wa asiri. Maigidana ne ya fizge wayar, ya dama ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa ya ba ni, kimanin giram 15 ke nan, muka jira minti 15 muka sake gwadawa, ya hau 81, sannan na ɗan ci wani abu. Shi ya tuna abin da aka faɗa mana ranar koyon allura, cewa duk abin da ya sauka ƙasa da 70 a sha zaƙi tukuna, magana daga baya. Amsar saƙona ba ta zo ba sai ƙarfe tara da rabi na safe. Ashe wayar a aljihun tebur take kwana, daga an tashi aiki babu mai duba ta, ranakun hutu ma haka. Ban ga laifin nas ɗin ba, mutum ce, tana da nata gidan. Laifin na wanda ya tsara abin ne bai ce mana, "Daga ƙarfe kaza zuwa kaza ake duba saƙo, in dare ne ga lambar da za ki kira, in kin ga kaza kada ki rubuta komai, taho." Saurin amsar da na saba samu da rana shi ya sa na sakankance cewa kullum akwai mutum a can. Duk asibitin da zai ba mai ciki lambar waya, ya ba ta wannan bayanin a rubuce tun ranar farko, ya kuma faɗa wa wanda take kwana gida ɗaya da shi, domin mai faɗuwar sukari ba ta cika yin tunani daidai ba.

Abu na biyu ya fi wannan girma. A mako na 35 lambobina sun yi kyau har ana yaba mini. Ranar awo ta zo, ga jarrabawar ɗalibai, ga nauyin jiki, na ce a raina ai jiya ma mun yi magana ta bidiyo, me zan je yi? Har na rubuta saƙon neman a ɗaga mini. Nas ta amsa da kalma biyu: "Ki zo." Na je ina ƙunƙuni. Aka ɗaura mini abin awon jini, 152 bisa 98. Aka bar ni na huta aka sake, bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, wanda shi ne iyakar. Aka gwada fitsari aka ga furotin. Ɗan ciwon kan da nake ji kwana biyu, wanda na ɗora wa rashin barci, da zoben da ya ƙi fita daga yatsana, ashe alamu ne. Mai ciwon sukari a ciki ta fi sauran mata haɗarin wannan hawan jinin da kan kai ga jijjiga. A kiran bidiyon jiya nas ta ga fuskata, amma ta ina za ta gane kumburi a fuskar mai cikin wata takwas ta cikin ƙaramin gilashin waya? Ni kuma ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba, hankalinmu duka yana kan sukari. Waya abin da kika ɗora mata kawai take kaiwa. Ba ta auna tsayin ciki, ba ta jin bugun zuciyar ɗa, ba ta sanin kwanciyarsa, ba ta ganin yawan ruwan da yake ciki sai an yi hoto. An kwantar da ni kwana biyu, aka sa ni a magani, aka sa na nemi na'urar awon jini ta gida, daga nan hoton dare ya koma lamba shida.

Da na samu sauƙi na yi ɗan karance-karance, halin malamai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019 kan amfani da waya da intanet a harkar lafiya, ta yarda da ganin likita daga nesa a matsayin ƙari a kan ganin ido da ido, ba a madadinsa ba. Ita ce kuma tun 2016 ta ce mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A Oksfod ta Ingila an gwada wata manhajar waya a kan mata kimanin 200 masu irin ciwona, aka wallafa sakamakon a 2018. Sukarin waɗanda suka yi amfani da waya da na masu littafi bai bambanta sosai ba, sai dai masu wayar sun fi yawan gwaji, sun kuma fi gamsuwa da kulawar da aka yi musu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani. Wayar ba ta sauke mini sukari ko ɗigo ba. Kama baki da tattaki da insulin suka sauke shi. Ita dai ta rage tazarar da ke tsakanin ganin lamba da yanke shawara a kanta.

Ina da jan kunne ga 'yan'uwana mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zauren WhatsApp na masu ciki wurin ɗebe kewa ne, na ji daɗinsa ƙwarai a daren da barci ya ƙi zuwa, amma ba asibiti ba ne. Na ga wadda ta rubuta adadin insulin ɗinta wata ta ce bari ita ma ta gwada haka. Na ga wadda ta sa 6.1 a matsayin na asuba, aka yi ca a kanta wai na'urarta ta lalace, wata ma ta ce ta yi maza ta sha zaƙi sukarinta ya ƙare. Alhali na'urori iri biyu ne, wasu da miligiram suke ƙirga, wasu da milimol, kuma da 18 ake ninkawa a koma daga wannan zuwa wancan. 6.1 sau 18 ya kama kusan 110, wato nata ma sama yake da inda ake so. Ka ga da ta bi shawarar zaure da ta ƙara wa wuta fetur. Ga kuma masu shigowa da hoton farar riga suna tallar garin magani mai "wanke sukari daga jini". Kafin ki tura wa mutum sakamakonki, ki san a wane asibiti yake, ki san akwai fayil ɗinki a gabansa, ki kuma san inda za ki same shi ido da ido in ta ɓaci. Motsin ɗa ya ragu, ko kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko kai na sarawa ido na ganin dishi-dishi, ko amai ya ƙi tsayawa, waɗannan ba na rubuta saƙo ba ne, na neman abin hawa ne.

Ga masu tsara irin wannan aiki kuma, kada a ɗaure shi a kan babbar waya. A layin awo na zauna kusa da matan da ƙaramar waya ce da su, da waɗanda wayar ta miji ce sai ya dawo da dare, da waɗanda karatu bai yi nisa ba amma sarai suna iya karanto lamba uku daga fuskar na'ura idan an kira su. Kira na minti biyu ya ishe su. Wadda kuma take aron waya, a tambaye ta tukuna ko ta yarda a turo sakamakonta a can, don ba kowace ce ke so a san abin da ke jininta ba. Sannan duk wannan zance a kan tsinken gwaji yake tsaye. Huɗu a rana, 120 ke nan a wata, kowane sau ɗaya ake amfani da shi. Matar da tsinkenta ya ƙare ba ta da abin turawa, ko da wayarta ta fi ta kowa tsada.

A mako na 38 aka tayar mini da naƙuda saboda hawan jinin. Na haifi 'ya mace, kilo 3.3, da kaina. An riƙa sokar dunduniyarta ana duba sukarinta a ranar farko, aka ce in yi ta ba ta nono da wuri, bai faɗi ba, alhamdu lillahi. Ni kuma daga fitar mabiyiya aka tsayar mini da insulin. Wajen sallama likita ta ce in dawo tsakanin mako 6 zuwa 12 a sake ba ni ruwan zaƙin nan, domin wadda ta yi sukarin ciki tana da haɗarin kamuwa da mai ɗorewa nan gaba, kuma ko an ga lafiya a ci gaba da gwadawa duk shekara ɗaya zuwa uku. Na ce to. Da jego ya kankama, ga rashin barci, ga yara uku, wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba. Ranar wata Talata ina shanya kayan jaririya waya ta yi ƙara, lambar nan ce ta sashen awo: "Malama, mako bakwai ke nan. Alhamis da safe, kada ki karya. Kuma ki bar bironki a gida."

Na je, sakamakon ya fito 88 da 121.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wata malamar lissafi, uwar yara huɗu